Rabin Kilo Da Rabin Lita

A gidanmu na Damagaram ba mu tashi mun ga sikeli a madafa ba. Inna tana auna hatsi da tiya, gari da ƙoƙo, gishiri kuwa da yatsu uku, kuma ba mu taɓa jin wanda ya kushe tuwonta ba.

Wata rana gwaggonmu da ke zaune a Agadas ta aiko wa ƙanwarmu bayanin wani abin zaƙi na Larabawa da ake gasawa da semul, wato tsakin alkamar nan na kanti. An rubuta shi da Faransanci, an ce a zuba giram 500. Ga shi kuwa dangin wanda za ta aura za su zo gaisuwa, tana so ta fita kunya. Sai ta tambaye mu, mu da aka ce mun yi boko. Ba mu ko tsaya tunani ba muka ce ai rabin kilo rabin lita ne. Ta auna rabin lita, ta zuba madara da mai da sukari yadda takarda ta faɗa. Abin da ya fito daga tanda ya yi caɓa-caɓa, ya ƙi yankuwa. Da dabino da shayi aka tarbi baƙi, ita kuwa ta wuni a ɗaki ba ta ce mana uffan ba.

Laifin namu ne. Ruwa ne litarsa ɗaya ke da nauyin kilo ɗaya. Semul kuwa akwai iska tsakanin ƙwayoyinsa, saboda haka litarsa ɗaya kimanin giram 700 ce. Ke nan giram 350 kawai ta zuba, alhali ruwa-ruwan da ta haɗa na giram 500 ne.

Bayan sallar isha'i muka ba Malam labari. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe karatun zaure ma kun bar shi a zaure? Sa'in fidda-kai awon ciko ne, mudu huɗu, kowane mudu cikin tafin hannu biyu matsakaita. Don me kuke zaton sa'in gero da na shinkafa ba sa zuwa nauyi ɗaya?" Muka sunkuyar da kai, domin babin nan mun biya shi a gabansa tun muna yara.

Kashegari muka ari sikelin mai kanti. Kilo ɗaya na semul ɗanye ya ba mu kusan lita 1 da kashi 4 cikin 10, wato ya kusa cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Kofi mai ɗaukar rubu'in lita yana cin kimanin giram 175, don haka giram 500 kofi uku ne ba kaɗan, kilo kuwa kofi shida ba kaɗan. Sai dai a zuba shi sakwa-sakwa, kada a danna ko a girgiza kofin, a shafe bakinsa da bayan wuƙa. Mai laushi da mai tsakitsaki ba sa zama daidai a kofi, shi ya sa ya kyautu kowane gida ya gwada irin wanda ya saba saye sau ɗaya, ya yi alama. Wannan lissafi kuma na ɗanye ne, domin da ya sha ruwa sai ya kumbura.

Muka yanke bakin gorar, muka ja layi a wurin rabin kilo da na kilo, muka kai madafa. Inna ta dubi gorar, ta juye rabin kilon a ƙoƙonta, ta ce, "To, ƙoƙo ɗaya ne da ɗan tozo." Har yau da ƙoƙon take auna nata, gorar kuwa ƙanwarmu ta tafi da ita gidan miji.