Makulli A Hannu, Ƙofa A Rufe

Kalmomi biyu Bahaushe yake da su game da ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a bakin kwaɗo. Wani ya ce makulli, wani ya ce mabuɗi; na farko ya dubi rufewa, na biyu ya dubi buɗewa. Ko wanne aka ɗauka, abin da aka sani tun kaka da kakanni shi ne ƙarfe mai haƙora, wanda in ya ɓace maƙeri zai fitar da wani. Sai zamani ya zo da wani iri wanda ba a zura shi ko'ina, daga nesa ake danna shi mota ta amsa. Kamfanin Renault na ƙasar Faransa ne ya fara sa shi a motarsa mai suna Fuego a 1982. Yau ga shi a aljihun direbobin ƙasar Yawuri, suna ce masa rimot.

Akwai wani falke a Shanga, dattijo mai fataucin albasa da bandar kifi, wanda ya san kasuwannin bakin Kwara tun daga garinsu har Wara ta ƙasar Ngaski. Yana yaro aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ya girma yana ganin abubuwa suna sauyawa, kuma bai taɓa jin tsoron sabon abu ba. Da Allah ya hore masa sai ya sayi mota 'yar Kwatano, irin wadda ake tayarwa da danna maɓalli. Shekara biyu yana morarta, sannan ya lura rimot ya fara kasala: da daga bakin zaure yake buɗe mota, yanzu sai ya zo dab da ita. Aka ce masa batir ne. Ran kasuwa ya sayo sabo, ya sa bakin wuƙa ya ɓare rimot, ya jefar da tsohon a tsakar gida, ya sa sabon, ya rufe. Ya danna, shiru. Ya sāke dannawa, ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba.

Abin ya zo a mummunan lokaci, domin da asuba zai kai 'yarsa mai tsohon ciki asibiti a Yelwa, ga motar a kulle, ga makulli na biyu bai taɓa ganinsa ba tun da ya saye ta. Nan da nan ƙofar gida ta cika da masu shawara. Wani ya ce a fasa gilashi. Wani ya ce sai an ɗauko mai kwamfuta daga Sakkwato ko Kwantagora ya yanka sabon makulli, ya faɗi kuɗin da ya kai ribar buhunan albasa da dama. Wani kuma ya rage murya ya ce ai motar tun farko ta tsone wa mutane ido.

Ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyon gyaran waya a Yelwa, shi ne ya nemi a ba shi rimot ɗin. Ya juya bayansa, ya tura wata 'yar sakata, sai ga siririn makullin ƙarfe ya fito daga ciki. Ya ce, "Kawu, ai shekara biyu kana yawo da wannan a aljihunka." Ya zura a ƙofar direba, ta buɗe. Sannan ya ce, "Taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ka danna." Mota ta tashi. Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "Lalle yaro, a rashin sani kaza ta kwana kan dami." Da asuba aka kai yarinya asibiti lafiya.

Dalilin tashin motar yana da sauƙin fahimta. Rimot aiki biyu yake yi. Na farko shi ne aika saƙo ta iska zuwa ga mota, kamar yadda gidan rediyo ke yi, kuma wannan yana bukatar batir. Na biyu shi ne shaida wa inji cewa mai motar ne ya zo, ta hanyar wani ɗan ƙwayar lantarki da ke ciki, wanda yake iya samun ƙarfinsa daga wata naɗaɗɗiyar waya da ke jikin maɓallin in an kusanto shi sosai. Saboda ɓarayi aka ƙago wannan dabara, har ƙasar Jamus ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga 1998. Don haka mutuwar batir takan hana buɗe ƙofa daga nesa, amma a yawancin motoci ba ta hana tafiya.

Saura gano abin da ya kashe rimot. Yaron ya nemi tsohon batir, aka tono shi cikin shara, ya jera shi da sabon. Ga ido duk ɗaya ne, kamar kwabo biyu. Amma tsohon an rubuta masa CR2032, sabon kuwa CR2025. Lambar nan awo ce: 20 na nufin faɗin milimita 20, 32 na nufin kaurin milimita 3.2, 25 kuma milimita 2.5. Dukansu bolt 3 suke bayarwa, sai dai sabon ya fi siranta, yana ta rawa a mazauninsa. Daɗin daɗawa, bakin wuƙa ya danne ɗan harshen ƙarfen da ya kamata ya taɓa batir ɗin. Aka sayo mai lambar daidai, yaron ya sa allura ya ɗago harshen a hankali, ya rufe. Danna ɗaya mota ta amsa.

Wanda ya sami kansa a irin wannan hali, ya kamata ya bi abin daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada. Ya fara duba lambar batir, sannan fuskarsa, domin gefen da ke da alamar tarawa yana da inda yake kallo, in an kifa shi ba wuta. Ya duba ko akwai 'yar takarda manne a ƙasan batir wadda ba a ɓare ba. Ya sa a auna shi, domin batirin da ya daɗe a teburin kasuwa yana shan rana yakan mutu tun yana cikin ledarsa, ga kuma jabu. Lafiyayye yakan nuna bolt 3 da ɗan ɗoriya. Ya duba tsatsa da ƙura, domin laimar bakin ruwa da ƙurar hunturu duk abokan gaban ƙarfen ciki ne. In rimot ya taɓa faɗuwa, dalmar da ta riƙe maɓallai takan saki, kuma mai gyaran rediyo zai iya liƙe ta. Mai makulli na biyu ya gwada shi: in ya yi aiki, laifin na rimot na farko ne, in duka biyu sun ƙi, a koma ga motar, a duba babban batir da fis. Wasu motocin kuwa sukan manta da rimot, sai an sāke haɗa su ta hanyar da littafin motar ya bayyana. Bayan duk wannan ne ake neman mai kwamfuta.

Abin lura a nan, dattijon nan ba wauta ce ta hana shi shiga motarsa ba. Mutum ne da ke gane lafiyar injin kwale-kwale daga ƙararsa. Bayanin da yake bukata yana cikin littafin da ya ɓace tun kafin motar ta tsallako teku, kuma da ma littafin ya iso, da baƙon harshe aka rubuta shi. Kayan zamani suna shigowa ƙasar Hausa kowace rana, bayaninsu yana tsayawa a bakin iyaka. Aikin ɗaliban harshe ne su zauna da bakanike da mai gyaran waya, su tattara kalmomin da waɗannan suka riga suka ƙirƙira a bakin aiki, su rubuta irin wannan bayani da Hausar da falke zai karanta ya gane.