Abin da ya kamata a cusa cikin salansar moto

Da can, a Madarumfa, wanda ya mallaki mobilet gari duka ya san shi. Yau moto ya zama jakin kowa. Shi ke ɗauko zogala daga gonakin Jiratawa, shi ke kai kifin tabki kasuwar Maraɗi, shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Sai dai da yawa daga cikinsu salansarsu ta mutu, in sun taso kamar ana harbin bindiga.

Wannan ƙara ba abin wasa ba ce. Likitoci suna auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Sun ce wanda ke zama cikin ƙarar da ta wuce desibel 85, awa 8 kowace rana, jinsa yana raguwa, kuma ba ya dawowa. Ɗan kabu-kabu kuwa bisa moto yake wuni. Ban da haka, a garuruwan bakin iyaka irin su Gabi da Ɗan Isa, inda ɓarayin daji suka addabi mutane shekarun nan, moto mai ƙara cikin dare yana tashin hankalin gari. Mata su ɗauki yara, maza su fito da sanduna, alhali ɗan gari ne ya dawo gida.

Salansa iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna na ƙarfe a ciki, ita ba a cusa mata kome. In ta ɓule sai mai walda. Akwai kuma mai bututu mai ƙananan huji a tsakiya, wanda ake naɗe shi da wani abu mai laushi kamar auduga. Ƙara tana bi ta hujin, ta shiga naɗin, ta mutu a ciki. In naɗin ya ƙone, gwangwani kawai ya rage. A kan wannan ta biyu ce ake magana.

Akwai wani saurayi da ke kabu-kabu tsakanin Madarumfa da Maraɗi. Da salansarsa ta fara ihu, sai ya cusa mata tsumma da audugar tsohuwar katifa. Bai kai Maraɗi ba hayaƙi ya turnuƙe, fasinja ya sauka yana faɗa. Ya koma ya sayi soson ƙarfe mai laushi, irin na wanke tukunya. Ya samu sauƙi ƴan makonni, daga baya soson ya zama jar ƙura, ya fice ta baya. Sau biyu ke nan yana biyan kuɗin kwance salansa. Da ya je wurin wani tsohon makanike, mutumin ya dube shi ya ce: «Yaro, araha ba ta ado. Abu biyu ke cin naɗi, wuta da ruwa. Nemo abin da ya fi ƙarfinsu.»

Gaskiyar tsohon ke nan. Hayaƙin da ke fitowa daga inji yakan wuce digiri 600 na zafi, ko da yake yana ɗan hucewa kafin ya iso salansa. Ruwa kuma, duk litar esansi guda da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa, a matsayin tururi. Shi ne ɗigon da ake gani bakin salansa da safe lokacin ɗari. Wannan ruwa ke sa ƙarfe tsatsa.

Abubuwa biyu ne ke jurewa. Na farko audugar gilashi mai dogon zare, wadda aka yi domin salansa. Tana ɗaukar zafin da ya kai wajen digiri 550. Ba ita ce wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin rufin ɗaki ba. Ta rufi zarenta gajere ne, da gam aka haɗa shi, gam ya ƙone sai iska ta watsar da ita. Na biyu soson inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Shi bai kai audugar gilashi shanye ƙara ba, amma ya fi ta jimiri. Saboda haka masu sani ke haɗa su: inoks daga ciki, jikin bututu inda wuta ta fi yawa, audugar gilashi daga waje, a ɗaure da siririyar waya.

Mai saye yana iya gwadawa da kansa. Ya tsinki kaɗan daga audugar, ya kyasta mata ashana: in ta kama wuta ko ta yi warin roba, ba gilashi ba ce. Soson kuma ya jiƙa shi da ruwan gishiri, ya aje shi kwana 2: in ya yi ja, ya bar wa mata su wanke tukunya.

Wajen naɗi a yi tsaka-tsaki. In an danna da ƙarfi ƙwarai, ƙara ba ta samun wurin shiga. In an yi sako-sako, hayaƙi ya kwashe shi. Masu moto irin mai garwaya esansi da man inji su riƙa dubawa akai-akai, don mai yana jiƙa naɗin, ya daskare. Mai aikin ya sa safar hannu, ya rufe hanci da ƙyalle, domin zaren gilashi yana sa ƙaiƙayi da tari.

Abu guda kuma a guje shi ko kyauta ne: farar igiyar nan ta tsofaffin injuna, amiyanti, wadda wasu ke kira asbestos. Ba ta ƙonewa, amma ƙurarta tana sa ciwon daji a huhu. Faransa ta hana aiki da ita tun 1997.

Saurayin nan ya bi shawarar tsoho. Kuɗin ya fi na soson tukunya, amma damana ta wuce, rani ya wuce, bai sake kwance salansa ba. Kowane mai moto ya yi wannan lissafi, ya kuma tuna da kunnensa da barcin maƙwabta. Allah ya kiyaye hanya.