Ziyarata Zuwa Kamakura

A dogon hutun bara na ziyarci kawuna da ke karatu a Japan. Ran wata Asabar muka shiga jirgin ƙasa daga Tokyo, bayan kamar awa guda muka sauka Kamakura, wani tsohon gari a bakin teku. Kawu ya ce da ƙafa za mu zaga shi.

Daga garin nan ne sarakunan yaƙi suka mulki Japan har zuwa 1333. Tsaunuka sun kewaye shi ta fuska uku, ta kudu kuwa teku ne. Muka bi wata tsohuwar hanya da aka sassaƙa cikin dutse, saboda ƙuncinta sai ɗaya bayan ɗaya muka wuce. Nan na gane dabararsu: mutum kaɗan sun isa su tare runduna.

Muka kuma ga gunkin Buda na tagulla, tsawonsa ya fi mita 11, ya haura shekara 700.

Har yau suna kula da hanyoyin nan. Mu kuwa ganuwar garinmu ake haƙa ana buga tubali. 'Yan'uwana, in ta ƙare, me za mu nuna wa na baya?