Littafin da Ya Ƙi Magana

Ranar da littafina na farko ya fito, mutumin da na fara tunawa shi ne malamina na Hausa, wanda hawan jinin ido ya raba da ganinsa shekara goma da suka wuce. Shi ya fara ɗora ni a kan rubutu. Yanzu da kunne yake karatu, wata manhaja mai suna NVDA ce ke karanta masa abin da ke cikin kwamfuta. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka samar da ita, kuma kyauta ake rabawa.

Cikin ɗoki na tura masa littafin a PDF. Da magariba sai ga kiransa.

"Ɗana, littafin naka bebe ne."

"Allah ya gafarta Malam, kamar yaya?"

"Hoton takarda ka aiko mini. Na'ura ba ta ga harafi ko ɗaya ba."

Kunya ta rufe ni. Ashe shafukan aka ɗauka hoto aka haɗa, mai ido ya ga rubutu, makaho kuwa ya tarar da bango. Na koma wurin mai buga rubutu na karɓo ainihin fayil ɗin, nan ma aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Da tsohon salon haruffa aka buga shi, irin wanda ake aron wata alama a ɗora mata ƙugiya. Duk inda na rubuta "ƙasa", sai na'urar ta kira sunan alamar, sannan ta ce "asa".

Mako uku na yi ina gyara. Na mayar da ɓ, ɗ da ƙ zuwa tsarin Unicode, na sa wa kowane babi kanunsa don ya iya tsallakawa inda yake so, na kuma rubuta bayanin kowane hoto.

'Yan uwana marubuta, Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta buɗe hanyar mayar da littattafai yadda makafi za su iya karantawa. Amma tun daga teburinmu gyaran yake farawa. Kafin ku sallami mai buga rubutu, ku gwada kwafe layi ɗaya daga fayil ɗin. In ya ƙi kwafuwa, hoto ne.

Malam ya gama littafin cikin kwana biyu, ya kuma kamo mini kurakurai bakwai da masu ido suka tsallake.