Kyat a Tukunyar Yashi

Wata ranar Asabar 'yata ta biyu ta same ni a kicin da waya a hannu, ta miƙo mini ita har kusa da hanci. "Umma, dubi wannan. Wai cikin minti goma ake haɗa shi." Hoton kek ne an yanka shi, cikinsa rawaya-rawaya, da wasu baƙaƙen ɗigo birjik kamar an watsa irin alayyafo. Ta ce kek ɗin lemun tsami ne, ɗigon kuwa 'ya'yan wani fure ne da Turawa ke kira popi. Na karɓi wayar na ƙura wa ɗigon ido, sai dariya ta kuɓuce mini. Ai ni ma na taɓa yin kek mai baƙin ɗigo, ina 'yar shekara goma sha ɗaya a Tambuwal, kuma da ƙyar na tsira daga bulala a kansa.

A lokacin ba ma cewa kek, kyat muke cewa. Kuma a gidanmu ba a san shi ba sai da babban yayanmu ya auro Malama. Ta yi makarantar horon malamai mata ta Birnin Kebbi, tun ana jiha ɗaya, don sai 1991 aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Ta zo da akwati, da keken ɗinki, da wani littafin rubutu mai bango shuɗi wanda mai ya ɓata gefen shafukansa. A ciki ta rubuta duk abin da aka koya musu na girki. Ni ce auta, ni ce 'yar aikenta, don haka ni kaɗai aka yarda in taɓa littafin.

Kaka ba ta ga abin yabo a kyat ba. A wurinta kayan marmari na mutunci su ne alkaki da nakiya da dubulan, abubuwan da ake jerawa a gara a kai gidan miji ba tare da jin kunya ba. Ranar da ta fara ganin Malama tana zuba yashi a tukunya, tsayawa ta yi ta dafa sandarta ta ce, "Mi a wanga kuma? Abin da ba a soyawa, ba a dahwawa, sai a turbuɗe shi cikin rairai kamar gyaɗa?" Malama ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, kamar yadda ya kamaci matar jika, ta ci gaba da aikinta.

Rashin sa'arta shi ne ta zo da sana'ar fulawa daidai lokacin da fulawa ta yi ɓatan dabo. Daga farkon 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, wai a koma ga wadda ake nomawa a gida, ba a kuma ɗage dokar ba sai 1992. Mu yara ba mu san da wata doka ba. Abin da muka gani shi ne burodin masu shayi na bakin titin Sakkwato zuwa Jega ya tsuke, kuɗinsa ya hau. Fulawar da ake samu yawanci ta fasa-ƙwauri ce, ta wajen iyakar Binin da Nijar, ba kuma a gaban tebur ake baje ta ba. Sai mai shago ya san fuskarka yake shiga ciki ya auno maka. Su hodar tashin kyat da ruwan ƙamshin da ake ɗigawa kuwa, sai wanda zai je Sakkwato a ba shi saƙo, ya dawo ya ce bai samu ba.

Babbar Sallar 1988 ta faɗo cikin watan Yuli, tsakiyar damina. Malama ta ɗauri niyyar yi wa gida kyat ko ana ha-maza-ha-mata. Mudu ɗaya na fulawa yaya ya samo. Gwaggonmu ta zo daga Kebbe kwana uku kafin Sallah da ƙwaryar ƙwan zabi, don damina ce lokacinsu, da ƙullin riɗi na gonarta wanda za ta yi mana kantu. Lemun tsami muna da bishiyarsa a bayan ɗakin Inna. Ni aka tura bakin rafi ɗebo yashi, na wanke shi, na shanya a kan buhu, ina gadinsa daga awaki da hadari. Jiƙaƙƙen yashi ba ya gasa komai, turara shi kawai yake yi.

Har yau ma'aunin yana kaina, don da gwangwanin madarar Peak ake auna komai: fulawa huɗu, sukari ɗaya da rabi, Blue Band ɗaya da rabi, ƙwan zabi takwas, lemun tsami uku. Sukarin na ƙwaya ne, sai na daka shi a ƙaramin turmi ya zama gari. Ƙwai kuwa sai an jefa kowanne cikin ruwa. Wanda ya nutse lafiyayye ne, wanda ya taso sama a ba karnuka. Ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, sai ka buga da gaske. Daga nan sai aikin da ya fi kowane wuya, bugun bota da sukari. Malama takan zauna a kujera 'yar tsugunne, ta matse kwano tsakanin gwiwoyinta, ta riƙa juya muciya gefe ɗaya ba ta sauyawa, har haɗin ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ka murza a yatsa ba ka jin tsakin sukari. In hannunta ya gaji ta miƙo mini. Nawa ba ya kai juyi hamsin.

Lemun tsamin ba don gayu ya shigo ba. Aiki biyu ya zo yi, duka na cike gurbi. Na farko kashe ƙarnin ƙwai, tunda babu ruwan ƙamshi. Malama ta huda gindin gwangwanin kifi da ƙusa ta yi magogi, ta riƙa goga bayan lemun a hankali, koren kawai take so, don da ka kai ga farin ɓawon ka sayo ɗaci. Ƙamshin da ke tashi a wannan lokacin, wanda yake maƙale wa yatsu har dare, shi ne ƙamshin Sallar ƙuruciyata, ya ma fi na suyar nama zama a raina.

Aiki na biyu ya fi ban mamaki. Tun dare ta jiƙa 'yar farar kanwa, da safe ta tace ruwan. Bayan ƙwai da fulawa sun shiga, ta zuba cokali biyu na ruwan kanwar a kofi ta matsa lemun a kai. Nan take ya hau kumfa yana shuu, kamar mai fushi. Ta juye cikin kwaɓin, ta gauraya sau kaɗan, ta ce in kawo gwangwanaye maza. Sai da na shiga sakandare na gane abin da na gani: tsami in ya haɗu da kanwa iska suke fitarwa, iskar ce ke shiga kwaɓi ta kumbura shi, zafi kuma ya ƙafe shi a haka. Hodar da ake sayarwa a gwangwani ma wannan auren ne, sai dai an busar da ango da amarya suna jiran ruwa. Masu masa sun daɗe da sanin hannun kanwa a ƙullu. Sun kuma san in ta yi yawa abin ya yi ja, ya koma ɗanɗanon sabulu.

Gwangwani bakwai tukunyar take ɗauka, kowanne an shafe cikinsa da bota, an zuba kwaɓi rabi. Yashin ya riga ya ɗau zafi. Malama takan kai bayan hannunta kusa, in ba ta iya ƙirga biyar ba ta janye, to ya yi. Ta jera gwangwanayen, ta rufe da faifan ƙarfe, ta janye itacen ƙasa ta bar garwashi kaɗan, ta kwashi mafi yawa ta ɗora a kan murfin. Wannan shi ne sirrin duka: wutar sama ta fi ta ƙasa. Wanda ya cika wutar ƙasa zai samu gindi baƙi ƙirin da ciki ɗanye.

Aka kira la'asar. Ta miƙe za ta yi alwala, ta nuna ni da yatsa. "Auta, ko mi kij ji, kak ki buɗe."

Ba a jima ba ƙamshi ya fara fita ta gefen murfin. Na zagaya tukunyar sau biyu. Na ce a raina leƙe ɗaya ba zai kashe kowa ba. Na sa tsumma na ɗaga faifan ta gefe ɗaya, sai ga su sun taso sun kusa bakin gwangwani, samansu na rawa bai gama ƙafewa ba. Daidai nan iskar hadari ta kaɗo daga gabas. Toka da ɓurɓushin gawayi suka zubo daga kan murfin, suka sauka a kan duka bakwai ɗin. Fulawar da aka sha wahala kafin a samu, ƙwan da aka ɗauko tun daga Kebbe, ga su nan da baƙin ɗigo kamar fuskar mai ƙyanda.

Malama ta sallame ta zo ta same ni tsaye da murfi a hannu, hawaye sun wanke mini fuska. "Mi kinka yi?" Ba ta jira amsa ba. Ta zaro tsinken tsintsiya ta tsince manyan gawayin ɗaya-ɗaya. Ƙananan ba su tsintuwa. Ta ɗaga kai ta dubi tsakar gida, idonta ya sauka a kan faifan riɗin Gwaggo, wankakke, an shanya a inuwa. Ta dumbuzo hannu guda, ta yayyafa a kan kowane gwangwani har baƙin ya ɓace a ciki, ta mayar da murfi, ta ƙara garwashi. Duk wannan bai kai minti biyu ba. Sannan ta ja kunnena sau ɗaya, mai zafi, ta ce maganar ta mutu a nan.

Da aka soka tsinke ya fito a bushe aka sauke. Tsakiyarsu ta ɗan lotsa saboda zafin da na saki, amma riɗin ya gasu ya yi ja, ƙamshinsa ya haɗu da na lemun ya cika gidan har zaure. Kaka ta gutsura, ta daɗe tana mamula da 'yan haƙoran da suka rage mata, sannan ta ce, "Wa as sa mishi riɗi? Yanzu kam ya yi kama da abinci." Baba ne ya tauna ya ji ƙaras. Ya tsaya, ya ciro abin a yatsa, ya ce riɗin nan da tsakuwa. Gwaggo ta dafe ƙirji ta rantse sau uku ta wanke shi, ta rege shi da hannunta. Aka yi mata dariya, aka ce riɗin Kebbe ke nan. Ni da Malama ba wanda ya ɗaga kai. Shekara da shekaru duk Sallah sai an tsokani Gwaggo da riɗi mai tsakuwa, har Allah ya karɓi abarsa ban iya buɗe baki na wanke ta ba. Wannan kam yana cina.

Tun daga ranar ba a sake yin kyat a gidanmu ba riɗi ba, ko bayan fulawa ta dawo kasuwa. Maƙwabta suka ɗauka, har amare suka riƙa aiko da ƙwai da sukari a yi musu.

Popin da 'yata ke nema kuwa, na bincika. Ƙwayar furen nan ce da ake samun ofiyom daga jikinsa. Larabawa na ce mata khashkhash. A ƙasar Cek da Turkiyya nomanta ake yi sosai, a Turai ana barbaɗa ta a burodi da kek, a Indiya ana niƙa ta a miya. Ƙwayar da ake ci ba ta sa maye, amma duk da haka Saudiyya ta hana shiga da ita, abin da ya kamata alhazai masu son tsaraba su sani. Aikinta a kek ɗin lemun ɗan ƙaras-ƙaras ne da ɗanɗano mai kama da na gyaɗa, wanda riɗi ke yi har da ƙari. Abin dariya, riɗinmu ake lodawa a jirgi zuwa Japan da Sin da ita Turkiyyar, mu kuma muna yawon kantuna neman nasu.

Ba zan ce girkin da ya fi na yanzu ba. Na sha hayaƙi, na ƙone yatsu, kuma ranar da na sayi abin gashi mai gas ban yi kewar yashi ba ko kaɗan. Sai dai minti goman da wayar ke alfahari da shi bai ƙirga injin bugu da ma'aunin zafi da hodar da ke jira a kan kanta ba. A cire waɗannan a ga ko mai hoton zai iya fitar da gwangwani bakwai lafiya.

Da yamma na kira Malama in tabbatar da yawan lemun. Ta yi ritaya, tana nan Tambuwal cikin jikoki, littafin shuɗin ma wai yana ƙasan akwati. Ta ce uku ne in ƙanana ne, biyu in masu ruwa ne, kuma in da hoda kada in sa kanwa. Na ce mata 'yata ce ke son yi, da riɗi za mu yi. Ta yi shiru kaɗan, na ji tana danne dariya.

"To Auta, ki ce mata ta wanke riɗin sau uku."