Abin da za ka tarar wurin mai ba da shawara

1/ Mu 'yan bakin ruwan Kainji mun iya "sai haƙuri". Amma 2021 ta gwada mu: a Mayu jirgin ruwa ya nutse kusa da Warrah, a Yuni aka sace ɗaliban FGC Birnin Yauri. Ni dai barci ya ƙaurace min, har na nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

2/ Zaman farko tambayoyi ne zalla: barcinka, cin abincinka, abin da ke maka yawo a rai. Ba faɗa, ba gori.

3/ Ba ya rubuta magani. In abin ya kai can, wurin likita zai tura ka, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

4/ Sirrinka a rufe yake, sai in ranka ko na wani na cikin haɗari.

5/ Akwai aikin gida fa. Nawa shi ne zama bakin ruwa minti 10 kullum, ina jan numfashi a hankali. Wani zaman za ka fito zuciya a jagule. Sauƙin a hankali yake zuwa.

6/ Addu'arka kuma tana nan, ba mai hana ka. Ɗan'uwa, in dare na yi maka tsawo, je ka a saurare ka.