Lauyan da Ya Juya wa Nasararsa Baya

A 1821 Thaddeus Stevens, matashin lauya a garin Gettysburg na Amurka, ya tsaya wa masu bayi a kotu, ya yi nasara, aka bar wata baiwa mai suna Charity Butler cikin bauta. A ganina wannan tabon ne ya ba gwagwarmayar ƙin bauta da ya yi daga baya nauyi, domin ya ga abin da iya bakinsa ya jawo wa mace mai neman 'yanci. Wani zai ce siyasa ce ta sauya masa ra'ayi. Amma ƙin bauta ba ya sayo farin jini a wancan zamani, kuma ya daɗe yana kare bayin da suka tsere kafin ya jagoranci gyara na 14 ga tsarin mulkin Amurka a majalisar wakilai a 1866.